Neman Zangon da Ba a Kiɗa

Ƙarfe 11 na dare ta gota, ni kuwa ina kwance ido biyu, ganga daga lasifikar zangon tana dukan ƙirjina kamar a kaina ake kaɗa ta. Tsakaninmu da maƙwabcin dama bai fi taku huɗu ba, har ƙarar cokalinsa a kan faranti ina ji. Yara na tsere da kekuna a bakin tagarmu, sauro na nasa waƙen a kunnena. Hajiya ta juyo a cikin duhu ta ce, "Malam, wannan shi ne hutun?"

Na yi gum. Ni na zaɓi wurin, ni na biya kuɗin mako guda cif tun watan Maris, ni na yi ta bin su da waya ina nuna musu hotunan shuɗin teku da inuwar itatuwa. Ashe hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Aikin jinya nake yi a Manchester, kuma yawancinsa na dare. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin marasa lafiya ya san ba a shiru a wurin: wannan na'ura ta yi tsuwa, waccan ƙararrawa ta kira ka, wayar tebur ta ɗauka. In na dawo gida da safe kuma, lokacin ne garin yake tashi. Saboda haka ba wani abu nake nema a hutu ba illa barci. Shi ya sa da wani abokin aikina ya yi ritaya ya sa tsohuwar karaban ɗinsa a kasuwa, na saya. Ɗaki ne mai taya biyu da ake ɗaurawa a bayan mota, a ciki akwai gadaje, da murhun gas, da ɗan firji, da makewayi wanda sai ka yi dabara kafin ka juya a cikinsa. Filayen da ake sauka da shi kuwa mu a gidanmu zango muke ce musu, don ban ga marabarsu da zangon fatake ba: fili a bayan gari, ga ruwa, ga mai zango yana karɓar kuɗinsa. Autarmu mai shekara 14 tun daga nan ta laƙaba mini Madugu.

Ranar Laraba 20 ga Agustan 2025 ayarin namu na mutum uku ya tashi. A gida lokacin marka ce, a Turai kuwa jelar lokacin zafi. Washegari muka shiga jirgin ruwa a Dover, awa ɗaya da rabi muka sauka a Calais. Tun kafin mu bar gida aka yi mini rashi na farko. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, matafiyi ba ya tsallakawa da nama ko madara, don haka ƙunshin kilishin da na ɓoye wata biyu saboda wannan tafiya sai da Hajiya ta ciro shi daga jaka ta miƙa wa babban ɗanmu da zai tsare gida. Yaron ko kunya bai ji ba. Muka tafi da yaji da garin kuka da daddawa da shinkafa.

Tuƙi a hannun dama bai ba ni wuya ba, ai da shi na koyi mota a Katsina. Abin da ya ba ni wuya shi ne tuna cewa akwai ɗaki guda yana bina a baya. Muka kauce wa Paris ta Rouen da Chartres da Orléans, muka yada zango sau biyu a hanya, daga Clermont-Ferrand muka hau babbar hanyar A75 da ta miƙe kudu har Béziers. Ranar Asabar da la'asar muka isa gaɓar Bahar Rum, kusa da Agde.

Zangon mai tauraro biyar ne, kuma a nan na ci tuwon rashin sani. Na ɗauka yawan taurari na nufin yawan natsuwa, kamar yadda babban otal ya fi ƙaramin masauki shiru. Ashe a Faransa abin da ake ƙirgawa kafin a ba zango tauraro shi ne kayan da ya tara da hidimar da yake yi: wurin iyo, wurin wasan yara, kanti, ma'aikata masu jin harsuna. Duk abin da ke ƙara tauraro, shi ne ke ƙara jama'a. Ga shi makarantun Faransa ba za su koma ba sai Litinin 1 ga Satumba, don haka mun faɗo daidai makon da kowane iyali ke matse sauran hutunsa kamar lemon tsami. Wurin iyon ma da na ce ko zan rage zafi, mai gadi ya dubi dogon wandona ya girgiza kai. Dokar yawancin wuraren iyonsu ita ce namiji ya sa ɗan matsattsen kamfai. Na dubi furfurata, na dubi 'yata, na koma inuwa. Gashin nama a kan gawayi ma an hana, kuma wannan kam ban ga laifinsu ba, domin a farkon watan wutar daji ta cinye hekta kusan dubu 16 a Aude, maƙwabciyar jihar da muke.

Ba na cewa wurin banza ne. Mutanen da ke rawa a gaban dandamalin nan sun samu abin da suka biya, yaransu na murna, ba wanda ya yi mana kallon banza. Ni ne dai na je kasuwa neman wurin i'itikafi.

A wurin wanke kwanuka Allah ya haɗa ni da mafita, safiyar Lahadi. Wani dattijo ɗan ƙasar Holan, da ma duk zangon da ka je a Faransa sai ka tarar da su, ya ga idona ya yi ja ya tambaye ni ko lafiya. Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce shi ma jikoki ne suka jawo shi nan. Sai ya ce in daina duba abin da zango yake da shi, in riƙa duba abin da ba shi da shi. Wanda ba shi da wurin iyo, ba shi da mashaya, ba a jera ɗakunan haya a cikinsa ba, kuma ya yi nisa da teku, shi ne nawa. Ya ambaci iri uku. Akwai na hukumar ƙauye, wanda galibi fili ne kawai a gefen rafi ko bayan filin ƙwallo. Akwai wanda suke kira "aire naturelle", da doka ta hana ya wuce gurbi 30. Sannan akwai na gona, inda manomi ke ware gefen makiyayarsa, kuma in dai sanar da ofishin magajin gari kawai ya yi, ba ya wuce gurbi 6 ko mutum 20. Ya ɗauki wayata da jiƙaƙƙen hannunsa ya buɗe taswira, ya ɗora yatsa a kan wani wuri da tituna suka yi ƙaranci. Lozère.

A nan Hajiya ta karɓi ragamar ayarin. 'Yar Maraɗi ce, ta yi lakwal, Faransanci a bakinta kamar ruwa, ni kuwa daga "bonjour" sai murmushi. Ta zauna a ƙofar karaban da biro da bayan ambulan tana buga waya, tambayarta ɗaya ce ga kowa: ana shagali da dare? Wanda duk ya amsa da fara'a cewa sosai ma, akwai kiɗa ran Talata da gasar waƙa ran Alhamis, sai ta yi masa godiya ta kashe. Wasu ba su ɗauka ba, don tsakanin 12 da 2 na rana Bafaranshe na cin abinci, ko gobara ake sai ya gama. A kira na bakwai ko na takwas na ga ta yi shiru tana saurare, sai ta rufe bakin wayar da tafi ta ce, "Malam, wannan matar haƙuri take ba ni. Wai su ba su da komai, sai shanu."

Na ce, "Ce mata gobe muna tafe."

Kuɗin sauran kwana biyar da muka biya a bakin teku ko sisi ba a mayar mana ba. Na yi ƙorafi a ofis, yarinyar ta nuna mini layin da na sa hannu a kansa ban karanta ba. Autar ta kumbura baki har Béziers, inda muka tsaya a shagon wani mahauci Balarabe muka cika ɗan firjin da naman halal, don Hajiya ta ce inda za mu ba za a samu ba. Ta yi gaskiya.

Tafiyar kamar kilomita 200 ce, amma kusan duk hawa ne. Bayan Lodève hanyar ta miƙe tsaye zuwa Pas de l'Escalette, motar na nishi, ni ina kallon allurar zafin inji ina karanta duk addu'ar da na haddace. Da muka fito daga ramin dutsen sai ga mu a kan tudun Larzac, fili fetal mai duwatsu da tumaki, iska ta sauya nan take. Can gaba muka hau gadar Millau, wurin da kaɗai ake biyan kuɗi a wannan hanyar. An buɗe ta a Disamban 2004, tsawonta mita 2,460, ƙololuwarta mita 343 daga ƙasa, wato ta ɗara hasumiyar Eiffel. Hajiya da 'yarta suna ta salati suna leƙen kogin Tarn a ƙasa kamar zare. Ni ban ga komai ba sai farin layin titi, domin iska na taɓa ɗakin da ke bayana ina jin ta a sitiyari.

A Aumont-Aubrac muka sauka daga babbar hanya muka nufi yamma wajen Nasbinals. Itatuwa suka fara janyewa, gidaje suka yi nisa da juna, har aka bar mu da ciyawa da katangun dutse da sama. Lozère ita ce jihar da ta fi ƙarancin mutane a Faransa, su kusan dubu 76 ne gaba ɗayansu. Na ce wa autar, in aka kwashe su aka zuba a Old Trafford, 'yan kaɗan ne za su rasa kujera. Shi ne dariyarta ta farko a ranar.

Gonar tana ƙarshen wata siririyar hanya da in ka shiga da karaban ba ka da wurin juyawa. Matar ta fito da takalmin roba, ta kai shekara 60, ta gaisa da Hajiya, ta ɗan dubi mayafinta, ta tambaye ta daga ina. Da ta ji Nijar sai ta ce ai ko can akwai shanu masu manyan ƙaho, ta taɓa gani a talabijin. Shi ke nan hira ta ɓarke, aka manta da ni. Gurbi shida ne a filin, biyu kawai ke da mutane: wasu tsofaffi mata da miji daga Beljiyam, da wani saurayi mai tanti da keke. Famfo ɗaya, banɗaki biyu a jikin tsohon rumbun ciyawa, sandar lantarki ɗaya. Abin da muka biya na dare ɗaya a bakin teku ya ishe mu dare uku a nan har da canji.

Sai aka zo ja da baya. A bakin teku ma'aikata ne suka tura mana, a nan kuwa ni da Allahna. In ka juya sitiyari hagu ɗakin ya yi dama, in ka gyara ya lanƙwashe kamar wuƙar aska. Sau biyar ina gwadawa, Hajiya na ɗaga hannu tana "zo, zo, tsaya!", shanu sun jeru a bakin waya suna kallo suna tuƙa. Daga ƙarshe dattijon Beljiyam ya ajiye jaridarsa ya zo, muka kwance ɗakin daga mota muka tura shi da hannu. Madugu uban tafiya ke nan.

Shanun nan sun cancanci a tsaya a kansu. Irin Aubrac ne, ana faɗin sunan kamar Obrak. Jikinsu ruwan alkama, ƙahonsu ya buɗe ya lanƙwaso sama da baƙin tsini, idonsu kuwa zagaye da baƙi sai ka rantse kwalli aka ranɓaɗa musu. Mai gonar, wanda bai cika magana ba, ya bayyana wa Hajiya yadda suke yi, ita kuma tana juya mini. Wajen 25 ga Mayu ake koro su daga kwari zuwa kan tudu, a yi musu ado da furanni, gari ya cika da baƙi. Su kwana a waje duk lokacin zafi, sai 13 ga Oktoba a sauko da su kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Na ce ai wannan mashekari ne. Na ba shi labarin Fulanin da ke sauka a gonar kakana bayan girbi, a ba su kara su bar mana taki. Ya saurara da kyau, sannan ya yi tambaya ɗaya: wa ke da ciyawar? A wurinsu kowace makiyaya da mai ita, da katangarta, da takardarta. Na buɗe baki zan amsa, na ga amsar ta fi ƙarfin tafintar da nake da ita da kuma yammacin da ya rage, na ce masa dogon zance ne.

Magariba ta faɗi wajen 8:30. Na shimfiɗa darduma a kan ciyawa na fuskanci gabas maso kudu, muka haɗa magariba da lisha, jinjirin watan Rabi'ul Awwal bai daɗe ba ya bi rana. Daga nan duhu ya sauko irin wanda na manta akwai shi. Babu fitilar titi ko ɗaya. Na daɗe a tsaye da bargo a kafaɗa, har wajen 12 na ga kaza da 'ya'yanta sun leƙo daga gabas, na kira autar na nuna mata. An haife ta a Manchester, ba ta taɓa ganinsu ba, ba ta ma san suna da suna a Hausa ba.

Shirun wurin ba shiru ne na kurum ba. Akwai ƙararrawar da ke wuyan wasu shanun, tana ƙwal, ƙwal, can nesa, in saniya ta motsa kai. Akwai ruwa da ke gudu a wani wuri da ban taɓa ganowa ba. Na kwanta ina cewa wannan ƙararrawar ma za ta hana ni barci, don kunnena ya saba duk ƙararrawa kira ce. Ban san lokacin da na tafi ba. Da na buɗe ido rana ta haska labule, ƙarfe 8 saura. Na makara sallar asuba, abin da na jima ban yi ba. Hajiya ta ce ta tashe ni sau biyu, na amsa mata da "ina zuwa, sista".

Shirun da kuɗinsa, ba na aljihu ba. Muna sama da mita 1,100 daga teku, kuma mu da muka yi shirin bakin ruwa da 'yan riguna marasa nauyi, sanyin asuba ya shige mu har ƙashi. A dare na biyu na kunna hita, Hajiya ta jona butar shayi, sai ɗif, wuta ta ɗauke, ba tamu kaɗai ba har ta 'yan Beljiyam. Layin amfiya 6 ne, abin da bai wuce wat 1,300 da 'yan kai ba, buta kaɗai ta cinye shi. Na fita da tocila cikin raɓa ina laluben makunni ina ba da haƙuri da hannu. Daga ranar a kan gas ake dafa shayi. Sabis ɗin waya kuwa sai an hau wani dutse a bayan rumbu, nan autar ta mayar ofishinta. Burodi sai an je Nasbinals, kuma in ka yi jinkiri ka tarar an rufe.

Ta tsakiyar garin Nasbinals wata tsohuwar hanyar ƙafa ta ratsa. Kullum da safe za ka ga mutane ɗai-ɗai da jaka a baya da sanda a hannu, an rataya ɓawon katantanwar teku a jikin jakar. Masu ziyarar ibada ne na Kirista, sun taso daga Le Puy-en-Velay za su Santiago de Compostela a Sifaniya, tafiyar kusan kilomita 1,500, ko da yake da yawansu yanki kawai suke yi su koma gida. A ɗan ƙauyen Aubrac, gaba kaɗan, akwai ragowar masaukin da aka gina musu tun ƙarni na 12, da wata ƙararrawa da ake kaɗawa a da in hazo ya rufe tudun, don wanda ya ɓata ya bi sautinta. Ranar da muka je hazon ne kuwa ya sauko, da yayyafi, ba ka ganin abin da ke taku ashirin a gabanka. Hajiya ta tsaya tana kallon wata tsohuwa da ke ɗingishi da sanda, ta ce ta tuna mata da kakarta, wadda ta bi ta Chadi da Sudan a ƙasa zuwa Makka, ta yi shekaru kafin ta dawo. Ta buɗe jaka ta miƙa wa matar dabino uku. Matar ta karɓa da hannu biyu.

A ƙauyen muka ci abincin da suke taƙama da shi, aligo. Dankali ne ake tuƙawa da ɗanyen cuku da man shanu da tafarnuwa har ya yi danƙo, mai rabawa ya ɗaga muciya sama abin ya biyo ta kamar igiya bai tsinke ba. Bisa al'ada da tsiran alade ake haɗa shi, Hajiya ta ce a ba mu zallansa. Autar ta ce sakwara ce ta je makarantar boko. Ni dai ina ci ina tunanin miyar kuka, kuma da daddare sai da aka kaɗa ta aka zuba a kan ragowar da muka ƙunso. Ta karɓe shi.

Sauran kwanakin ba abin da ya faru, kuma ba na jin zan iya ba da labarinsu. Mun je magangarar ruwa ta Déroc mun shiga kogon da ke bayan ruwan. Na yi barcin rana. Na tashi asuba a kan lokaci na ga gamzaki a kan rumbun ciyawa. Saurayi mai keke ya tafi, 'yan Beljiyam suka bi shi ran Juma'a, muka rage mu kaɗai da shanu.

Safiyar Lahadi 31 ga wata muka ɗaura, da yake ranar manyan motocin kaya ba sa hawa titi a Faransa. Matar gonar ta fito da wani ƙulli a takarda, cukun Laguiole ne yanka guda mai nauyi, ta danƙa wa Hajiya, suka sumbaci kumatu kamar 'yan uwa. Sai da muka wuce Chartres washegari autar, tana latsa waya, ta ce, "Abba, ka san ba za a bar mu mu shiga Ingila da cukun nan ba?" Tun watan Afrilun 2025 Birtaniya ta hana matafiya shigo da nama da kayan madara daga Tarayyar Turai saboda cutar boru da ta ɓulla a wasu ƙasashen. Kilishi bai zo ba, cuku ba zai koma ba.

A layin shiga jirgi a Calais muka buɗe ƙullin a kan cinyar Hajiya, da burodi biyu da ɗan yaji. Muka ci har muka gaji, ya rage kusan rabi. Na sauke gilashi na miƙa wa direban motar da ke gefenmu, ya duba, ya sansana, ya kira matarsa.